Babi na Bakwai: Shirya Tafiya a Jirgin Ƙasa da Kuɗi Kaɗan

Darasi na ɗaya: Inda ake shiga jirgi

'Yan uwa ɗalibai, iyaye maza da iyaye mata, a wannan babi za mu shirya tafiya daga Katsina zuwa Abuja, mu buɗe ido, mu kwana a masauki mai sauƙin kuɗi, mu dawo gida ba tare da cin bashi ba. Kowa ya ɗauko littafin rubutu da fensir, domin duk abin da za mu faɗa sai an rubuta shi.

A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Kafin jirgin ya fara tsaya mana a gida, sai mun bi shi inda yake. Bakatsine zai shiga mota ya bi ta Malumfashi da Funtuwa da Zariya zuwa Kaduna, mutumin Daura kuma ya bi ta Kazaure da Kano. A yi sammako, kada dare ya riski kowa a hanya. Tashar jirgin tana unguwar Rigasa a Kaduna, kuma layin Kaduna zuwa Abuja da aka buɗe a watan Yulin 2016 kilomita 186 ne, yana tsayawa a Kubwa kafin ya ƙare a tashar Idu a Abuja. Ku rubuta sunayen nan uku da manyan baƙaƙe: RIGASA, KUBWA, IDU.

Darasi na biyu: Kasafin kuɗi

Ku ja layi daga saman shafi zuwa ƙasa. A hagu za a rubuta abin da za a biya, a dama kuma kuɗinsa. Abu na farko da za a rubuta shi ne kuɗin dawowa, na jirgi da na mota, kuma a ware shi a wani aljihu dabam wanda ba za a taɓa ba ko da an ga atamfa mai araha a kasuwar Wuse. Bayansa sai kuɗin zuwa, da na Keke Napep daga tashar mota zuwa Rigasa, da na masauki, da na abinci, da ɗan abin ko-ta-kwana. Farashi yana canzawa, saboda haka a tambayi na ranar kafin a cika ɓangaren dama. Tikiti kala-kala ne, mu namu shi ne mafi araha, domin duk taragon da mutum ya zauna lokaci ɗaya za a isa. Guzurin gida, irin su dambun nama da ƙuli-ƙuli da dabino da gorar ruwa, yana rage kashe kuɗi sosai. Wajen rubutu a ƙirga sifili da yatsa, domin 4,000 dubu huɗu ne, 40,000 kuwa dubu arba'in.

Darasi na uku: Karanta tikiti

A nan nake roƙon ku natsu, domin a nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Tun da jirgin ya dawo aiki a watan Disamban 2022, bayan an dakatar da shi na wani lokaci, ake neman lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kafin a sayar wa mutum tikiti, ko a tasha ko ta intanet. Lambobi 11 ne. Ku kwafe su daga takardarku ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama, sannan ku ƙirga. Idan ɗanku ne zai saya maku ta waya, ku tabbatar sunanku ya sa, ba nasa ba, kuma kada ku karɓi tikiti daga hannun wani mai zagaye a bakin tasha.

Da tikiti ya shigo hannu, kafin a sa shi a aljihu, a nemi kwanan wata a ɗora yatsa a kai. Ga misali: 03/04/2026. Lamba ta farko daga hagu ita ce rana, ta tsakiya wata, ta ƙarshe shekara. Ke nan 3 ga watan Afrilu, 2026. Wanda ya taso da karatun allo idonsa yakan fara sauka a dama, kuma wannan ba abin kunya ba ne, sabo ne na alheri, amma a boko daga hagu ake farawa. Watan da ke kan tikiti kuma na Turawa ne, kada a lissafa shi da Rajab ko Sha'aban. Mu sake: hagu rana, tsakiya wata, dama shekara. Baba, a faɗa da ƙarfi. Inna, ke ma ki faɗa, babu mai yi maki dariya a ajin nan.

Sai lokacin tashi. Idan kun ga AM a gaban lamba, ku tuna da A ta asuba, wato daga tsakar dare zuwa kafin sha biyun rana. Idan kun ga PM, harafin farko sanda ce mai ƙulli a sama, to daga sha biyun rana ne zuwa dare. Saboda haka 8:00 AM takwas na safe ne, 2:30 PM kuma biyu da rabi na rana, lokacin azahar. Wasu takardun ba su sa waɗannan baƙaƙe, sai ku ga 14:30. Agogonmu na bango ba shi da ƙarfe 14, don haka duk lambar da ta wuce 12 a cire mata 12. A cire 12 daga 14, saura 2, ke nan biyu da rabi na rana. Ku gwada 16:00. A cire 12, saura 4, ƙarfe huɗu na yamma, lokacin la'asar. Wanda ya samu daidai, madalla. Wanda bai samu ba ya goge ya sake, fensir ne.

Wani dattijo da ya yi karatu a ajin nan ya ga 14:30, idonsa ya kama 4 ya bar 1, ya zauna ya ci tuwonsa a natse, ya isa tasha bayan la'asar ya tarar jirgi ya daɗe da tashi. Kuɗin tikiti ya tafi, ga kuɗin kwana da bai shiga kasafi ba. Jirgin ƙasa ba motar tasha ba ce da ake jira ta cika, ko a roƙi direba ya dakata wa mai alwala. A isa tasha da awa ɗaya kafin lokaci, domin akwai layin bincike.

Na lura wasunku da an zo nan sai su miƙa wa na kusa da su takarda su ce ya duba masu. Ku daina! Idan haka za a yi, me ya fito da ku daga gida da yamman nan? A Rigasa ba ni nan, jikanku ma ba ya nan. Ku ɗora yatsa da kanku: rana, wata, shekara, sannan lokaci. Idan AM ne safe, idan PM ne rana ko dare, idan ya wuce 12 a cire 12. Bayan haka a nemi lambar tarago da lambar kujera, a zauna a inda aka rubuta. Tikitin dawowa ma haka za a karanta shi, a kuma duba cewa sunan tashar da za a taso shi ne Idu ko Kubwa.

Darasi na huɗu: Masauki

Mafi arahar masauki gidan ɗan'uwa ne, amma a buga masa waya tun kafin a taso, a kuma riƙa masa tsaraba. In babu, a sauka a Kubwa, domin ɗakunan kwana a can da Zuba da Suleja sun fi na Maitama da Asokoro sauƙi nesa ba kusa ba. A ga ɗaki da ido kafin a biya, a duba ruwa da makulli, a tambayi ƙarfe nawa ake fita washegari, a karɓi rasit a karanta shi.

Darasi na biyar: Wuraren ziyara

A Kaduna akwai Gidan Arewa, inda Sardauna Ahmadu Bello ya zauna, da Ƙofar Gamji a bakin kogi. A Abuja akwai Babban Masallacin Ƙasa da lambun Millennium da aka buɗe a 2003, Dutsen Zuma kuwa daga bakin titi ake kallonsa kusa da Madalla. Wuri biyu a rana sun isa.

Aikin gida: kowa ya rubuta da kalmomi ranar da lokacin da waɗannan suke nufi, 09/12/2026, 7:45 AM, 15:20, ya kawo ranar Litinin a rubutun hannunsa, ba na ɗansa ba.