Yadda Ake Gane Kifin Betta na Daji da Bambanta Shi da Danginsa

A bara wani mai sayar da kifin ado a nan Kaduna ya miƙo mini leda da 'yan kifi biyu, ya ce, "Yallaɓai, betta ne na daji, jiya aka kawo su daga Legas." Na biya na kai su gida Unguwar Rimi. A dare na uku aka ɗauke wuta, gida ya yi tsit, sai na ji wani ƙaramin kuka, "kurr, kurr", daga cikin akwatin gilashin. Betta kuwa, wato ɗan ƙaramin kifin adon nan na kudu maso gabashin Asiya, ba ya kuka. Ashe wani ɗan'uwansa na saya, gurami mai kuka, wanda masana ke kira Trichopsis vittata. Ban ga laifin mutumin sosai ba, shi ma abin da aka gaya masa ya faɗa. Tun daga ranar ba na sayen kifi sai na bi waɗannan matakai.

Da farko ka nemi tocila da ɗan ƙaramin madubi, sannan ka bar kifin ya huta. Kifin da ya sha hanya daga Legas launinsa yakan koɗe, wani lokaci har layuka biyu ko uku baƙaƙe su fito masa daga kai zuwa wutsiya. Alamar firgici ce, ba ta jinsi ba. Ka ba shi kwana biyu a ruwa mai ɗumi, tsakanin digiri 24 zuwa 28.

Mataki na biyu, ka kalli numfashinsa. Betta da gurami da duk danginsu suna da wata gaɓa mai lanƙwasa-lanƙwasa a cikin kai, da ita suke shaƙar iska kai tsaye. Saboda haka za ka ga kifin ya taso sama lokaci-lokaci, ya kurɓi iska, ya koma. Tarwaɗarmu ma tana haka, amma ita gidansu daban.

Na uku, ka duba fikafikai biyun da ke ƙarƙashin ƙirji. Nan ne ake raba gardama da wuri. Idan ka ga sun zama zare siriri dogo, kifin yana shafa abubuwa da su kamar makaho da sandarsa, to gurami ne. Gurami mai ɗigo uku, Trichopodus trichopterus, ɗigonsa biyu ne a jiki, idonsa ne na uku. Ƙaramin nan na Indiya da Bangaladash, Trichogaster lalius, yana da ratsin ja da shuɗi a karkace. Jikin gurami faffaɗa ne kamar ganye. Shi kuwa betta jikinsa dogo ne a mulmule, fikafikan ƙirjinsa kamar wuƙa, fiffiken bayansa kuma ɗan gajere ne yana can kusa da wutsiya.

Akwai biyu da ke ruɗa mutane. Ɗaya shi ne wanda ya ci mini kuɗi: bakinsa ya fi na betta tsini, idonsa shuɗi mai ƙyalli, layukan gefensa kuma ba sa ɓacewa ko ya kwantar da hankali. Ɗayan kuma kifin aljanna ne, Macropodus opercularis, ɗan Sin da Biyetnam, wanda aka kai Faransa tun 1869. Wutsiyarsa ta rabu biyu, fiffiken bayansa ya yi tsawo, jikinsa ratsi-ratsi ne ja da shuɗi daga sama zuwa ƙasa.

Na huɗu, in ka tabbata betta ne, sai ka dubi kansa. Jinsunan betta sun haura 70, amma wajen renon ƙwai gida biyu suka kasu. Masu sheƙar kumfa yawancinsu ƙanana ne, kansu madaidaici, namijin yana tara kumfa a saman ruwa ya jera ƙwai a ciki. Sauran kuwa a baki namijin yake riƙe ƙwan har su ƙyanƙyashe, shi ya sa kansu ya fi girma, haɓarsu ta fi faɗi. A cikinsu akwai Betta pugnax na Maleshiya, mai ruwan ƙasa da ƙyallin kore a kumatu, da Betta macrostoma na Burunai da Sarawak, ruwan goro mai ƙaton baki, da Betta albimarginata na tsibirin Boniyo wanda farin layi ya zagaye bakin fikafikansa. Da wuya ka ci karo da waɗannan a Kaduna. In wani ya ce yana da macrostoma a kan kuɗin tsire, ka yi masa murmushi ka wuce.

Na biyar, wato bambanta masu sheƙar kumfa da juna, shi ne wurin da ya fi buƙatar ido. Ka sa madubin a jikin gilashi. Namiji na ganin kansa zai buɗe marafan da ke gefen kansa, waɗanda ke motsi in yana numfashi, ya baje fikafikai kamar zakaran da ya ga kishiya. Haska tocila daga gefe ka karanta abin da ke jikin marfin.

Sanduna biyu jajaye a tsaye, wannan Betta splendens ne na asali, ɗan gonakin shinkafa da fadamun Tailan, wanda aka yi wa suna a 1910. Shi ne kakan masu dogon fiffike da ke cika shaguna, amma na dajin fiffikensa gajere ne, jikinsa ruwan ƙasa, ba ya wani ɗaukar ido sai ya fusata. Idan sandunan shuɗi ne ko kore masu ƙyalli, kuma ga wani jan jinjirin wata a ƙarshen wutsiya, to Betta imbellis ne na kudancin Tailan da Maleshiya. Idan ƙyallin koren ya rufe kusan duk marfin ya gangara jiki, Betta smaragdina ne na arewa maso gabashin Tailan. Sanduna biyu kore amma babu jinjirin wata, wutsiyar kuma ta ɗan yi tsini a tsakiya, ka yi zargin Betta mahachaiensis, wanda sai a 2012 aka tabbatar da shi jinsi ne na kansa. A ruwa mai ɗan gishiri yake zama a lardin Samut Sakon, kusa da Bankok. Kar ka bar madubin ya wuce minti biyu, kifin yana gajiya.

Mata sun fi wahalar ganewa, don kusan duk kamarsu ɗaya. Ka nemi ɗan farin ɗigo kamar ƙwayar gero a ƙasan ciki, shi ne mafitar ƙwai. Ni dai ba na yanke wa tamata jinsi sai na ga namijin da aka kawo su tare.

Na shida, ka tambayi asalinsa. Masu kiwon na daji da gaske suna haɗa sunan jinsi da sunan garin ko kogin da aka kamo shi. In babu wannan, kuma ka ga kifi yana walƙiya tun daga baki har wutsiya kamar an shafa masa fenti, alamomin marfin sun cakuɗe, to barbarar yanyawa ce, domin jinsunan nan huɗu suna haihuwa da juna. Haka shi ma mai gajeren fiffike da ake kira filakat, na gida ne, ya fi na daji kauri da ƙaton baki. Kyawawa ne, ina da su, amma ba a biyan kuɗin na daji a kansu.

Mu ma fa muna da namu. Dangin Ctenopoma 'yan Afirka ne, kuma Ctenopoma kingsleyae yana cikin ruwayen yankin Kogin Neja, inda Kogin Kaduna ke zuba. In ka leƙa kwandon masunta ka ga wani mai kama da ƙaramar karfasa, ruwan toka, da baƙin tabo a gindin wutsiya, ka shafa marfin kansa a hankali daga baya zuwa gaba. Ƙananan ƙayoyi za ka ji, su ne ke maƙalewa a raga. Kar ka haɗa shi da betta, babban baki gare shi, zai haɗiye shi.

Duk wanda ka samu a cikinsu, ka rufe akwatin da murfi, ka bar 'yar tazara tsakanin ruwa da murfin. Na daji gwanayen tsalle ne, kuma busasshiyar iskar hunturun Kaduna tana cutar da su in suka taso shaƙa. Nawa imbellis na farko, ta ramin da wayar hita ke shiga ya fice, da safe na tsince shi a bayan kujera.