Yadda za ka gane ko wasan hamayyar jami'arka zai tsira in an faɗaɗa rukuni

In kana bin ƙwallon Amurka ta jami'o'i ka san tun 2024 abubuwa suka hargitse. USC, UCLA, Oregon da Washington sun koma rukunin Big Ten, ta zama tim 18, Texas da Oklahoma kuma suka shige rukunin SEC, ta zama 16. To kafin ka fara murna wai rukuninku ya ƙara girma, ɗauko jadawali tukuna.

Fara da ƙirga gurbi. Wasa 12 kowace tim ke bugawa a kaka, a Big Ten guda 9 ne na cikin rukuni alhali abokan zama 17 gare ku, ka ga kenan dole kowace shekara akwai 8 da ko ganinsu ba za ku yi ba.

Daga nan sai ka duba ko an sa wasanku cikin waɗanda aka ware a riƙa bugawa duk shekara. Nan ne maganar take gaskiya. Big Ten ta ware guda 12, akwai wasan Michigan da Ohio State a ciki, Iowa ita kaɗai ta samu uku wato Minnesota, Nebraska da Wisconsin, amma Penn State ko ɗaya ba ta da shi. In naku baya ciki, sai dai ku jira layi ya zagayo.

In kuwa abokiyar hamayyar taku ta bar rukunin gaba ɗaya, sai ka leƙa ragowar gurbin wasannin waje, kuma fa su waɗannan ana ƙulla yarjejeniyarsu ne shekaru da yawa kafin lokaci shi ya sa samun wuri ke wahala ko da ɓangarorin biyu suna so, balle in akwai jin haushi. Washington da Washington State sun daidaita, wasan hamayyarsu da ake kira Apple Cup bai tsaya ba. Oklahoma da Oklahoma State kuwa, da suka buga nasu wasan hamayyar mai suna Bedlam a 2023 sai zancen ya tsaya, kuma wallahi wannan ya min ciwo, wasan da ya haura shekara ɗari a ajiye shi saboda kuɗin talabijin.

Kar ka cire rai dai. Texas da Texas A&M sun rabu bayan 2011, faɗaɗawar nan ce ta sake haɗa su a 2024. Kuma daga 2026 tsarin SEC wasa 9 ne na cikin rukuni ga kowace tim da abokan karawa uku na kowace shekara, in tim ɗinka na can sai ka fara duba sunayen ukun nan.