Yadda Ake Mayar da Kilogiram Zuwa Niyuton, da Niyuton Zuwa Kilogiram

Kilogiram da niyuton ba abu ɗaya suke aunawa ba. Kilogiram yana auna yawan abin da ke jikin kaya, wanda ba ya canzawa duk inda aka kai shi, niyuton kuwa awon ƙarfi ne na ja ko turawa. Abin da ya haɗa su shi ne jan da ƙasa take yi wa kowane abu, kuma babban taron ma'aunai na duniya da aka yi a Faransa a 1901 ya tsayar da ƙimarsa, wadda ta yi daidai da niyuton 9.80665 a kan kowane kilogiram. A lissafin yau da kullum 9.81 ta wadatar.

Da farko, duba alamar da ke bayan lambar: kg kilogiram ne, N niyuton ne, kN kuma niyuton dubu.

Idan kilogiram ke hannunka, ninka shi sau 9.81. Akwati mai kilogiram 50 yana danna ƙasa da ƙarfin niyuton 490 da ɗoriya.

Idan kuma niyuton aka ba ka, sai ka raba da 9.81. Ƙugiyar da aka buga wa 2 kN tana jure niyuton 2,000, wato nauyin kusan kilogiram 204. Idan an rubuta lbf, awon ƙarfi na fam da ake yawan amfani da shi a Amurka, fara ninka shi sau 4.448 ya koma niyuton, sannan ka raba.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa: tabbatar kayan a tsaye suke cik. Kilogiram 204 ɗin nan lissafin kaya ne da ke rataye ba motsi. Da zarar kayan sun faɗo igiya ta fizge su, ko ƙugiya ta ɗaga su da sauri, ƙarfin yana iya ninkawa sau da yawa, don haka bai kamata a ɗora wa ƙugiya iyakar abin da lissafin ya bayar ba. Wuri ma yana da tasiri, domin jan ƙasa kusan 9.78 ne a kan layin ikwaita da ya raba duniya gida biyu, 9.83 a ƙuryar arewa da kudu, a duniyar wata kuwa 1.62 ne kacal, inda akwatin kilogiram 50 zai danna da niyuton 81.