Yadda ake gwajin ɗanɗanon ɗaci da takardar PTC

Sinadarin PTC (wato phenylthiocarbamide a taƙaice) yana raba mutane gida biyu: wani ya ɗora a harshe ya yamutsa fuska kamar ya tauna maɗaci, na kusa da shi ya ce bai ji komai ba. Arthur Fox, masanin sinadarai a Amurka, shi ya gano haka a 1931, a 2003 kuma aka gano ƙwayar gadon da ke jawo bambancin, TAS2R38. Ɗalibin da zai yi wannan bincike a nan Sakkwato, ga yadda zai bi.

Fara da neman izinin kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku, sannan ka yi wa kowa bayani da Hausa har ya amince. PTC guba ne idan ya yi yawa, don haka kada ka haɗa da hannunka. Sayi takardun da aka riga aka shafa wa ɗan kaɗan. Mai juna biyu da mai maƙoƙo a ɗauke musu.

Wurin shirya baki ne aiki ya fi lalacewa. Dattijon da ya gama tauna goro, ko saurayin da ya taso daga teburin mai shayi, harshensa ba zai faɗa maka gaskiya ba. A yi awa guda ba ci ba sha sai ruwa, a kurkure baki. Ni na fi son a yi da hantsi, kafin zafin garin nan ya busar da yawu, domin sai sinadarin ya narke ake jin sa. Da rana cikin azumi kuwa, kada ma a soma.

Ka fara ba da takarda zalla wadda ba komai a jikinta, ba tare da ka faɗa ba, sannan mai PTC. Wanda ya ce ta farko da ɗaci, ware sakamakonsa. A shigo ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya kwaikwayi fuskar wani. Kada ka ce "Da ɗaci ko?", mutanenmu akwai kara, za a ce maka e. Ka ce, "Baba, me kuka ji?"

A tofar da takardar, a sake kurkure baki. Rubuta ko bai ji ba, ko ya ji kaɗan, ko sosai, tare da shekaru da jinsi da ko yana cin goro ko shan taba. Maimakon suna, sa wa kowa lamba.