Kurakuran da aka fi yi wajen kashe NAT ta API a reshen da ke ƙauye

Akwai wani injin casar shinkafa a gefen Auyo da nake kula wa da intanet. Ofishinsu na Kano ya ce yana son ya riƙa ganin adireshin kowace kyamara da na kwamfutar sikeli kai tsaye, maimakon adireshi ɗayan nan da katangar tsaro (firewall, na'urar da ke tsakanin ofis da intanet) ke lulluɓe kowa da shi. Buƙatar tana da ma'ana, don aikin NAT ke nan: duk na'urorin cikin gida su fita da suna ɗaya, kamar yadda maigida ke amsa sallama a madadin mutanen gidansa. Ina zaune a Kano na aika umarnin kashe NAT ta API, wato hanyar da manhaja ke ba na'ura umarni daga nesa, amsa ta dawo 200, alamar an karɓa, dashbod, shafin da ake duba lafiyar na'urori, yana nuna kore shar. Ban ko miƙe daga kujera ba manajan ya kira: "Injiniya, lafiya kuwa? Ga motoci maƙare da shanshera a layi, sikeli ya ƙi tura komai."

Abin da na manta shi ne hanyar dawowa, kuma shi ne kuskuren da ya fi kayar da mutane. Muddin NAT na aiki, rautar da ke gaba, wato na'urar da ke miƙa saƙo daga katangar zuwa waje, adireshin katangar kaɗai ta sani. Da ka kashe shi, saƙo zai iso mata ɗauke da adireshi irin 192.168.128.20, ita kuwa ba ta san ta inda za ta mayar da amsa ba. Saƙo ya fita, amsa ta ɓace a hanya. Koren da ke dashbod bai yi ƙarya ba, ita katangar da nata adireshin na waje take magana da sabar kamfanin da ya ƙera ta, saboda haka lafiyarta ƙalau, na bayanta ne ke cikin duhu. Gyaran shi ne ka fara da rautar gaba: ka rubuta mata kafaffiyar hanya da ke cewa duk abin da za shi rukunin adireshin reshen ta miƙa shi ga adireshin waje na katangar. Sai ta zauna sannan ka taɓa NAT.

Wannan yana yiwuwa ne idan rautar gaba taku ce, kamar reshen da aka haɗa da hedikwata ta eriyar rediyo. Idan kuwa layin waya ne ko Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, to ba ka da hurumin rubuta hanya a cikin gidan wani. Adiresoshin da ke farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168 an ware su ne tun 1994 don amfanin cikin gida, ba sa yawo a intanet. Galibin irin waɗannan layuka ma suna da nasu NAT ɗin a sama, shi ya sa za ka ga adireshin waje ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127. A nan ni shawarata ka bar NAT a inda yake, ka haɗa reshen da hedikwata ta VPN, wato keɓantacciyar hanya ta sirri a cikin intanet. A cikinsa kowace na'ura da adireshinta na asali take isa, buƙatar ofis ta biya ke nan.

Wasu kuma, da suka duba API na Cisco Meraki, masu ƙera irin wannan katanga, suka ga deploymentMode a saitin katangar, sai su mayar da shi passthrough, a zatonsu makunnin NAT ne. NAT zai tafi kam, amma ba shi kaɗai zai tafi ba. Na'urar ta zama gada kawai, ta daina raba adireshi, ta daina haɗa rukunonin cikin gida da juna. Kwamfutocin za su jira DHCP, wato rabon adireshi, daga sama, in babu su yi cirko-cirko.

Sai ka duba ko rassan ba su yi karo ba. Meraki na zuwa ne da 192.168.128.0/24 daga kwali, kuma da yawanmu haka muke barinsa. Reshen Kura da na Ringim suna iya shekara da lambobi iri ɗaya ba wanda ya sani, saboda NAT na rufa asiri. Ranar da ka yaye shi, hedikwata ba za ta iya bambance su ba. A sake wa kowane reshe lambobinsa tukuna.

Batun da ya fi damuna shi ne tsaro. Mutane da yawa ba su taɓa rubuta dokar shigowa ko ɗaya ba, NAT ne ke tare musu baƙi ba tare da sun lura ba. Kyamarorin da ke ma'ajiyar shinkafa, wasunsu har yau da kalmar sirrin da aka sayo su da ita suke aiki. Kafin ka kashe NAT, ka karanta dokokin shigowa, ka bar adireshin hedikwata kaɗai, ka rufe saura. A nan ma akwai tarko: umarnin PUT, wato na aika sabon saiti, na dokokin katanga yana maye gurbin jerin gaba ɗaya. Ka aika doka ɗaya, tsofaffin sun tafi. Ka fara da GET, wato umarnin karanto saitin da ke nan, ka adana amsar a fayil mai kwanan wata, ka gyara kwafinta, ka mayar da cikakken jeri.

Kada kuma ka saki manhajarka a kan dukkan rassa lokaci guda. Meraki na karɓar kira 10 a daƙiƙa ga kowace ƙungiya, in ka wuce ya dawo da 429, alamar kira ya yi yawa. Manhajar da ba ta jira ta sake gwadawa ba za ta bar maka rabin rassa a sabon saiti, rabi a tsoho. Mabuɗin API kuwa ikon mai shi yake ɗauke da shi, ba abin turawa a zauren WhatsApp ba ne.

Ranar da na sake aikin na Auyo, na bari sai bayan isha'i da aka rufe sikeli. Na sa yaron da ke kula da janareta ya zauna gaban kwamfutar muna kan waya. "Yallaɓai, ya buɗe," in ji shi. Ban tsaya nan ba sai da na leƙa rautar Kano na ga saƙon ya iso da adireshin kwamfutar sikelin kanta, sannan na ce ya kashe janareta ya tafi gida.