Yadda Ake Kafa Asusun Ajiya da Rance a Ƙauye

Kuɗin mutumin karkara ba a tare yake zuwa ba. Yakan samu da kaka, ya ƙare kafin damina, kuma idan rashin lafiya ya faɗo a tsakani sai ya sayar da dabba ko hatsi a wulaƙance. Banki ya yi nisa, mai ba da bashi kuwa sharuɗɗansa sun fi ƙarfin talaka. Asusun ajiya da rance na ƙauye an tsara shi ne don cike wannan giɓi da kuɗin mutanen kansu, ba tare da jiran tallafi ba. Ƙungiyar agaji ta CARE ce ta fara gwada tsarin a 1991 a yankin Maraɗi na Nijar da sunan Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Bambancinsa da adashe shi ne ba mutum ɗaya ke kwashe zubi ba. Kuɗin na taruwa a akwati, ana ranta wa mambobi, a ƙarshen zango, wato wa'adin da aka ɗiba na tarawa, a raba uwar kuɗi da riba.

Mutane 15 zuwa 25 sun isa. Idan ba su kai haka ba kuɗin ba zai taru yadda za a yi rance mai amfani ba, idan kuma suka haura 30 zama zai yi tsawo, mutane su fara zamewa. Su za su zaɓi junansu, kada mai gari ko wani jami'i ya rubuto sunaye, domin wanda aka cusa wa mutane shi ne yakan fara ƙin biya. Ya fi kyau ƙarfinsu ya zo kusa da juna. Idan aka haɗa babban attajiri da masu ƙaramin ƙarfi, cikin wata biyu zai zama shi ne ƙungiyar, sauran 'yan rakiya.

Ana zaɓen shugabanni biyar: shugaba, magatakarda, mai ajiyar akwati da masu ƙirga kuɗi biyu. Sai a ƙara da masu riƙe makulli uku daga cikin sauran mambobi. Kada su kasance cikin shugabanni, kada kuma su fito daga gida ɗaya da mai akwati. Kowane zango a sake zaɓe, ko da waɗanda ke kai za a mayar.

Kayan aiki ba su da yawa. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, littafin ajiya ɗaya ga kowane mamba, hatimi da tawadarsa, jakunkunan yadi biyu masu launi daban (ɗaya ta kuɗin rance, ɗaya ta kuɗin taimako), kwanuka biyu na karɓar zubi da tara, biro ja da baƙi, da kalkuleta. Hikimar kwaɗo uku ita ce mai akwati ba shi da makulli, masu makulli ba su da akwati, saboda haka sai mutum huɗu sun haɗa baki kafin a taɓa ko sisi. Littattafan ma cikin akwatin ake kulle su, don kada wani ya ƙara wa kansa tambarin shaidar zubi a gida.

Kafin a zuba komai, a zauna a tsara dokoki, a rubuta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Abu na farko shi ne kuɗin hannu ɗaya, wato mafi ƙarancin zubi. A tsayar da shi daidai abin da mafi ƙarancin ƙarfi a ƙungiya zai iya kawowa kowane mako har a lokacin da abinci ya yi ƙaranci, ba abin da zai iya da kaka ba. Nan ne sababbin ƙungiyoyi suka fi yin kuskure: da ɗokin farawa sai a yanka babban hannu, mako goma sai rabin mutane su fara ɓuya saboda kunya. Mai hali ba a tauye shi ba, tunda kowa na iya zuba hannu ɗaya zuwa biyar a zama guda. Iyakar biyar ɗin kuma ita ke hana mutum ɗaya mamaye asusun. A tsayar da tarar makara, ta rashin zuwa ba uzuri da ta surutu ana ƙirga. Kada tarar ta yi nauyin da zai kori mutum, amma duk wanda ya faɗa a karɓa, har shugaba.

Zama na mako-mako tsari ɗaya yake bi, ba a canza shi. A zauna a da'ira bisa lambar da aka ba kowane mamba, a kira suna, a kawo akwati a buɗe a gaban kowa. Shugaba ya tambayi mambobi nawa aka kulle a makon jiya, su faɗa da baki, sannan masu ƙirga su ƙirga a ga ko ya yi daidai. Wannan tambaya ita ce binciken kuɗin ƙungiya, kuma ko wanda bai iya karatu ba yana iya ta. Daga nan kowa ya ba da kuɗin taimako, wanda adadinsa ɗaya ne ga kowa. Sai zubi: a kira lamba, mutum ya miƙa kuɗinsa, masu ƙirga su faɗi adadin da ƙarfi, magatakarda ya buga tambari ɗaya a kan kowane hannu, ya soke guraben da suka rage a layin da biro. Mai littafi ya ƙirga tambarinsa da idonsa kafin ya koma ya zauna. A ƙarshe a sanar da jimillar kowace jaka, kowa ya maimaita, a kulle. Duk kuɗin da aka karɓa ko aka bayar ba a cikin zama ba, ko da niyya mai kyau ce, farkon rushewa ke nan.

Kuɗin taimako ba rance ba ne, kyauta ce ga mamba da ya gamu da rasuwa, gobara ko jinya. A rubuta tun farko abin da za a bayar a kan kowanne. Kada a ranta shi, domin ranar da masifa ta zo za a tarar da jakar wayam.

Rance ana bayar da shi ne sau ɗaya a mako huɗu, bayan an yi 'yan makonni ana tarawa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce mutum ba zai ranci fiye da ninki uku na ajiyarsa ba, kuma ya biya cikin wata uku. Ya faɗi abin da zai yi da kuɗin a gaban jama'a. Waɗanda suka san shi sun fi kowane ma'aikacin banki sanin ko sana'ar za ta iya biya. Idan buƙatu sun fi abin da ke jaka, a sasanta, a rage wa kowa ko wasu su jira zagaye na gaba. Ƙungiyoyi da yawa suna ɗora kuɗin hidima na kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari a wata, wanda ke komawa cikin akwati. Inda mambobi ke gudun kuɗin ruwa, ƙungiya kan sayi kayan da mutum ke buƙata, kamar taki ko kayan sana'a, ta sayar masa bashi a kan farashin da aka yi ittifaƙi tun farko, wanda ba ya ƙaruwa ko an yi jinkiri. A warware wannan magana kafin zubi na farko, kada a bari sai kuɗi ya shiga hannu.

Abubuwa biyu ke kashe rance. Na ɗaya, mamba ya karɓa da sunansa ya miƙa wa wani na waje, miji ko ɗan'uwa, wanda ƙungiya ba ta da iko a kansa. Na biyu, sabunta bashi: mutum ya riƙa biyan kuɗin hidima kawai yana ɗaga uwar kuɗi wata bayan wata. A littafi komai zai yi kyau, ranar rabo ne za a ga ramin. Maganinsa kada a ba kowa sabon rance sai ya gama biyan tsoho. Haka kuma idan wata hukuma ta kawo jari daga waje tun ƙungiya ba ta yi zango ɗaya ba, a yi hattara, don mutane ba sa biyan kuɗin da suke gani na banza ne kamar yadda suke biyan na maƙwabci.

Zango yakan ɗauki wata 9 zuwa 12. A saita ranar rabo ta faɗo lokacin da aka fi buƙatar kuɗi, misali gab da shuka. Idan ya rage wata biyu ko uku a daina ba da rancen da ba zai dawo kafin ranar ba. Wannan ne lokacin da akwati ya fi cika, ya fi kuma haɗari, saboda haka kada maganar adadin ta fita waje, kuma idan akwai amintaccen banki kusa a kai rarar can da sa hannun mutum uku.

Ranar rabo a fara karɓar duk basussuka. Wanda ya kasa biya a soke tambarinsa da jan biro daidai abin da ake bin sa. Sai a ƙirga kuɗin jakar rance, a ƙirga tambarin da suka rage a duk littattafai, a raba kuɗin gida-gida bisa yawan tambarin. Misali, hannu ɗaya 100 ne, tambari sun kai 2,400, wato an zuba 240,000, a jaka kuma an tarar da 300,000. Kowane hannu ya koma 125 ke nan. Mai tambari 160 zai tafi da 20,000, mai 80 ya samu 10,000. A kasa kuɗin kowa a kan littafinsa, kada wanda ya ɗauka sai an ga ya ishi kowa, domin idan an yi kuskuren lissafi mutumin ƙarshe ne zai cutu. Kuɗin taimako ba a raba shi, a nan ake barin sa ya shiga sabon zango, wanda a zamansa na farko mai son fita zai fita, sababbi su shigo, a sake duba kuɗin hannu.