Idan gwajin ƙoda ya nuna rauni, a duba ƙafafu ma

Hawan jini, ciwon suga da taba, waɗanda ke lalata ƙananan jijiyoyin ƙoda, su ne dai ke toshe manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙafa. Ga kuma ƙari: ƙodar da ta raunana ba ta fitar da sinadarin fosfat yadda ya kamata, sai ya haɗu da kalsiyam ya manne a bangon jijiya har ta sandare. Shi ya sa mai raunin ƙoda yake cikin waɗanda suka fi buƙatar a duba musu ƙafafu, ko da bai yi ƙorafi ba.

A fara da jini. Ka nemi gwajin kiriyatinin, wato dattin da tsoka ke samarwa wanda ƙoda ke tacewa daga jini, amma kada ka tsaya kan lambar ita kaɗai, don ta danganta da shekaru da yawan tsokar jiki. Dattijuwa ramammiya na iya samun lamba mai kyau alhali ƙodarta ta ja baya. A lissafa maka ƙarfin tacewar ƙoda, wanda takardun gwaji a Maradi ke rubutawa DFG. Idan ya sauka ƙasa da 60 kuma ya zauna haka wata 3, ciwon ƙoda ne mai ɗorewa. Ƙasa da 30 ya yi tsanani. Kada ka ci tsire ko kilishi da yawa daren jajibirin gwaji, kada kuma ka je da ƙishirwa, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Duka biyun suna ɗaga lambar kiriyatinin.

Sai fitsarin farko na safe, a auna albumin a ciki, wato wani furotin na jini da lafiyayyiyar ƙoda ba ta bari ya zuba da yawa a fitsari. Fiye da miligiram 30 kan kowane giram na kiriyatinin alama ce jijiyoyi sun fara yoyo, kuma sau da yawa tana bayyana tun jini bai nuna komai ba. Wannan gwajin ne aka fi tsallakewa, abin takaici. A haɗa da sugan azumi (giram 1.26 a lita zuwa sama ciwon suga ne idan ya maimaitu) da kitsen jini.

Yanzu ƙafar. Alamar toshewar jijiya da aka fi sani ita ce sha-raɓa ta ɗaure bayan tafiya, a ce daga gida zuwa babbar kasuwa, mutum ya tsaya ƴan mintoci ta sake shi, ya ci gaba ta dawo. Da yawa suna ɗora laifin kan sanyin ƙashi. A cire takalmi, a taɓa bugun jini a bayan idon sawu ta ciki da saman ƙafa, a kwatanta ɗumin ƙafafun biyu, a leƙa tsakanin yatsu.

Gwajin tabbatarwa, IPS, wato kwatanta tansiyon ƙafa da na hannu, ba shi da wuya. Mutum ya kwanta rigingine minti 10, a auna tansiyo a hannu biyu da idon sawu biyu da ƴar na'urar dofla mai jiyo gudanar jini a jijiya, a raba lamba mafi girma ta kowace ƙafa da mafi girma ta hannu. Ƙafa 11, hannu 14, ya ba da 0.79. Daga 0.90 zuwa ƙasa akwai toshewa. Inda ake ruɗewa shi ne sama da 1.40: wannan ba ƙoshin lafiya ba ne, jijiyar ce ta sandare ta ƙi matsuwa, abin da ya yawaita ga masu ciwon ƙoda da suga. A nan sai a auna a babban yatsan ƙafa.

In an samu toshewa, a bar taba ɗungurungum, a rage gishiri da dunƙulen magi, a sha maganin tansiyo da na kitse yadda likita ya rubuta. A guji diklofenak da ibuprofen na masu talla, da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, don suna ƙarasa ƙodar. Tafiya magani ce: minti 30 zuwa 45, sau 3 a mako, a taka har ciwon ya taso, a huta, a ci gaba, tsawon wata 3 aƙalla.

Gyambon da ya haura mako 2 bai warke ba, ko ciwon yatsu da dare wanda sai an sako ƙafa daga gado yake lafawa, na likita ne cikin gaggawa. Ƙafar da ta yi sanyi farat ɗaya, ta koɗe, tana zogi, a kai mai ita asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.